Ɗan Sandan Ƙarfe na Dala Tara: Abin da Na Gani a Tashar Times Square

Ƙanena da ke Kano ya turo mini bidiyon wani mutum-mutumin sintiri a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Niyok har sau uku, kuma kowane karo tambayar ɗaya ce: "Yaya, wai da gaske an sallami 'yan sanda a Amurka an sa mutum-mutumi?" Bidiyon na ƙarshen 2023 ne, amma a WhatsApp abu ba ya tsufa, sai ya ɓace wata shida ya dawo da sabon rawani. Na gaji da amsa masa da saƙon murya. Tunda Allah ya sa na yi makonni ina gifta abin nan kusan kowane dare, bari in rubuta abin da idona ya gani sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ku fara sanin mai maganar. Gadi nake yi a Niyok, shekara goma sha ɗaya ke nan. A nan ba a miƙa maka yunifom haka kawai. Sai ka yi kwas na awa 8, an ɗauki zanen yatsunka, jiha ta ba ka lasisi, sannan ka ƙara awa 16 bayan ka kama aiki. A lokacin da nake ba ku labari ina tsaron wani ginin ofisoshi a tsakiyar Manhattan, daga huɗun yamma zuwa sha biyun dare. In na tashi sai in taka zuwa tashar Times Square, in gangara ƙasa in hau jirgi mai lamba 2 zuwa yankin Bronx. Shi kuma abin, aikinsa daga sha biyun dare ne zuwa shidan safe. Ina sauka yana hawa. Don haka in kun ji ɗan ɗaci a bakina kada ku yi mamaki. Kishiya aka yi mini, kuma da wuya uwargida ta yabi girkin amarya da zuciya ɗaya. Zan dai yi ƙoƙarin adalci.

Sunansa K5, ƙirar kamfanin Knightscope ne na jihar Kalifoniya. In kun san ƙaramin rumbu, ku shafe shi da farin fenti, ku goge shi ya yi santsi, ku ɓoye masa tayoyi a ƙarƙashi, kun gan shi. Tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, nauyinsa wajen kilo 180. Ba hannu, ba ƙafa, ba fuska. Kyamarori huɗu gare shi masu kallon kowane ɓangare, da fitilu, da tambarin 'yan sandan birni a jikinsa, sai maɓalli guda da aka ce in ka danna za a haɗa ka da mutum ku yi magana. Iyakar gudunsa mil 3 a awa, wato tafiyar dattijon da ya fito masallaci tun kafin a kira salla. A ido dai ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya zana shi ya san aikinsa, domin bai yi kama da abin tsoro ba, kuma bai yi kama da abin wasan yara ba.

A watan Satumban 2023 magajin garin lokacin, Eric Adams, ya zo tashar da kansa ya gabatar da shi. Tsohon ɗan sanda ne, a jiragen ƙarƙashin ƙasan nan ma ya fara aiki, kuma mutum ne mai kwaɗayin sabon abu. Shi ne wanda ya mayar da albashinsa uku na farko kuɗin intanet na kirifto. Ya tsaya a gefen K5 ya lanƙwasa hannu ya yi rabin alamar zuciya, irin wadda samari ke yi a hoto mutum biyu su haɗa. Abokin hoton ba shi da hannu, sai zuciyar ta fita rabi. Jaridu sun sha dariya a kai. Ni abin da ya tsaya mini a maƙoshi daban ne. Cewa ya yi hayar abin dala 9 ce a awa, ƙasa da mafi ƙarancin albashi, wanda a lokacin dala 15 ne a birnin, kuma ba ya zuwa bayan gida, ba ya hutun cin abinci. A ɗakin canza kaya na ji maganar, a wayar wani abokin aiki, mu huɗu a tsaye. Ba wanda ya yi dariya. Dattijon cikinmu, Bahaushen zangon Kumasi da muke kira Baba, ya rataye rigarsa ya ce, "Ɗana, ba da 'yan sanda mutumin nan yake ba. Da mu yake."

To ga abin da na gani.

Makonni biyun farko an ce taswirar tashar yake koyo. Na yi masa uzuri, ni ma da na kama aiki a gininmu sai da na yi sati ina ɓata tsakanin hawa na tara da na goma. Bayan nan aka shiga sintiri na gaske. Tun daga ranar har ranar da na daina ganinsa, ban taɓa iske shi shi kaɗai ba. Kullum akwai ɗan sanda a gefensa, wani lokaci biyu. Ba ɓoye wannan aka yi ba, tun farko an faɗa cewa da rakiya zai yi aiki. Amma ji daban, gani daban. Ka sauko daga titi da sanyin Nuwamba a ƙashinka, ka tarar da ƙarti biyu da bindigogi a ƙugu suna tsaye a kan farin rumbu, shi kuma ko dai yana ɗan zagaye a filin da bai fi tsakar gida ba, ko kuma, wanda ya fi yawa a darurrukan da na wuce, yana tsaye cik a wurin cajinsa. Mai gadi da masu gadinsa.

Kuma rakiyar ba ta banza ba ce, don mutane ba su bar shi ya sarara ba. Sha biyun dare a Times Square rana ce tsaka. 'Yan yawon buɗe ido sun fito daga gidajen wasan kwaikwayo, samari sun fito daga mashaya, mu ma'aikatan dare muna jan ƙafa. Kowa sai ya tsaya ya ɗauki hoto. Na ga wata tsohuwa ta rungume shi, na ga yaro yana ƙwanƙwasa shi kamar mai zaɓen kankana, na ga wani da ya sha ya yi tatul ya ƙame ya sara masa, ya ƙi sauke hannu wai sai an mayar masa. Aikin 'yan sandan ya koma "kada ka taɓa", "matsa baya", "a'a, ba ya magana da kai". Wani dare na tambayi ɗaya daga cikinsu, na ce, "Ofisa, abokin naka ya taɓa kama wani?" Murmushi ya yi ya ɗaga kafaɗa. Mu masu yunifom mun san wannan yaren.

Ni ma na ɗauki hoto, kada in yi kamar na fi kowa. 'Yata ce ta matsa: "Baba, ka tsaya kusa da shi, ka yi dariya." Har yau yana wayar mamanta.

Ku yi lissafin da kanku. Dala 9 sau awa shida, dala 54 a dare. Araha ƙwarai. Amma ku ɗora albashin ɗan sanda ɗaya ko biyu na awa shidan nan, waɗanda da ba don rakiya ba da suna ƙasa suna zaga dandamali. Wanda ya sayi jaki da araha sannan ya ɗauki mutum biyu su riƙa tallabe shi, ba zai ce ya yi cinikin riba ba. Maɓallin kuma ban taɓa dannawa ba, kuma ban ga wanda ya danna da gaske ba. Me zai sa in danna maɓalli in jira murya daga wani ofishi, alhali ga mutum nan tsaye taku biyu daga inda nake?

Babbar matsalar kuwa matakala ce. Tashar Times Square ta fi kowace tasha a birnin cunkoso, kuma ginin nata duk hawa da sauka ne, lungu bayan lungu. K5 ba ya hawa matakala, ba ya sauka. An ajiye shi a benen tsakiya, wajen da ake biyan kuɗin shiga, inda haske yake da jama'a da kantuna. Amma duk wanda ke hawa jirgi da dare ya san ba nan tsoro yake ba. Tsoro yana ƙasa, a bakin dandamali. A wannan tashar ce a watan Janairun 2022 wani mutum ya tura wata mata 'yar shekara 40 gaban jirgi ta mutu, da safe ma ba da dare ba. Tun daga lokacin ban sake tsayawa a bakin layin rawayan da aka ja a gefen dandamali ba, bayana nake jinginawa da ginshiƙi har jirgi ya tsaya. Ƙarfe sha biyu da rabi, kana jiran jirgin Bronx minti goma sha biyar, wani yana ta surutu shi kaɗai yana kai da komo a gabanka, ɗan sandan ƙarfe yana can sama ana hoto da shi. Bai taɓa rage mini bugun zuciya ko sau ɗaya ba.

Wani dare ina tsaye a wurin sai kalmar da kanta ta ba ni dariya. Mutum-mutumi. Kafin gidajen rediyo su ara ta su ba waɗannan na'urori, mun san abin da take nufi: tsohuwar riga a kan sanda a tsakiyar gona, da tsohuwar malfa a ka. Kakana yana kafawa in gero ya fara ido. Kwana biyu, uku, tsuntsaye su yi nesa. Ran na huɗu wani marar kunya ya matso ya duba. Kafin sati sun mayar da kafaɗarsa wurin hutawa. Shi ya sa tsoho bai taɓa dogara da shi ba, mu jikoki yake tasowa da asuba da gwangwanaye da majajjawa. Ba cewa nake mutum-mutumin gona ba shi da amfani ba. Yana da shi, na kwana uku ne, kuma sai da yaro a bayansa.

Da na koma na bi tarihin abin, sai na ga tsuntsayen Amurka ma sun daɗe da gane shi. An kafa kamfanin Knightscope a 2013 a garin Mountain View, waɗanda suka kafa shi, William Santana Li da wani tsohon ɗan sanda Stacy Stephens, sun ce kisan da aka yi a makarantar firamare ta Sandy Hook a ƙarshen 2012 na cikin abin da ya zaburar da su. Niyya mai kyau. Amma a Yulin 2016 wani K5 ya ture yaro ɗan wata 16 a wata cibiyar kasuwanci a Palo Alto. A Yulin 2017 wani ya gangara ya faɗa tafkin ado a gaban wasu ofisoshi a Washintan, aka tsamo shi kamar akuyar da ta faɗa rijiya, duniya ta yi ta ba'a. A ƙarshen shekarar wata ƙungiyar kula da dabbobi a San Faransisko ta yi hayar ɗaya yana zaga bakin titin gabanta, inda marasa matsuguni ke kafa tantuna. Mutane suka fusata, aka lulluɓe shi da tamfol, aka shafa masa miyar gasasshen nama a ido, hukumar birni ta yi barazanar tarar dala 1,000 a kowace rana in ya ci gaba da yawo a hanyar jama'a ba izini, aka janye shi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na 2019 a Huntington Park kusa da Los Anjalis. Faɗa ya kaure a wajen wani wurin shaƙatawa, wata mata ta ruga ta yi ta danna maɓallin nan, abin ya ce mata ta kauce daga hanya ya ci gaba da sintirinsa. Daga baya aka bayyana cewa ba a riga an haɗa maɓallin da ofishin 'yan sanda ba, ga shi an rubuta masa "ɗan sanda" ɓaro-ɓaro a jiki.

Adalcin da na yi alkawari ga shi. Akwai wurin da zan ce a ɗauke shi. Babban filin ajiye motoci da dare, ko harabar sito, ƙasa a shimfiɗe, ba matakala, ba jama'a. A irin wannan wuri yana karanta lambar mota, yana da kyamarar da ke ganin zafin jiki a cikin duhu, ba ya gyangyaɗi, sanyin Janairu ba ya korar sa cikin mota ya kunna hita. Na yi gadin fili irin wannan shekara biyu a farkon zuwana, kuma wallahi da ƙarfe ukun dare ni ma ba abin da nake yi sai zagaye da ido, idon ma rabi a rufe. In aka ce na'ura ta yi zagayen ni in zauna a ɗaki ina kallon allo, in fita in an ga abu, ba zan yi gardama ba. Kyamara ce mai tayoyi. A sayar da shi a haka, a saye shi a haka, ba ni da ta cewa. Inda muka raba gari shi ne da aka liƙa masa tambarin ɗan sanda aka auna shi da albashin mutum.

Domin gadi ba kallo ba ne kawai. Bari in ba ku dare ɗaya a gininmu. Wajen ƙarfe goma da rabi wani mai shara, dattijo ɗan Ekwado, ya fito daga lifta yana tafiya kamar yadda ya saba, ya ɗaga mini hannu kamar yadda ya saba. Kyamara ba za ta ga komai ba. Amma ni na san kullum sai ya tsaya ya tsokane ni a kan ƙwallo, ran nan bai tsaya ba, kuma hannun da ya ɗaga ba wanda ya saba ɗagawa ba ne, ɗayan yana lilo. Na bi shi, na zaunar da shi, na ga gefen bakinsa ya karkace. Na kira motar asibiti, na buɗe ƙofar baya don kada su ɓata lokaci, na riƙe lifta, na nemo lambar 'yarsa a wayarsa. Shanyewar ɓarin jiki ce ke shigarsa. Yau yana tafiya da sanda, amma yana tafiya. A cikin abubuwa biyar da na yi daren nan, ku nuna mini wanda abu marar hannu zai yi. Buzun da ke gadin layinmu a Kano ina yaro bai da kyamara ko ɗaya, takobi ne da butar shayi, amma ya san takun kowane mai gida a layin, kuma ya san wanda takunsa ba na nan ba ne.

To in haka ne, me ya sa birni kamar Niyok ya yi haya? Nan ne na daɗe ina juya tunani a cikin jirgi tsakanin titi na 42 da na 149. Amsar da na tsaya a kai ita ce ba fasinja aka yi wa sayayyar ba. Magajin gari ya ci zaɓe a 2021 da alkawarin tsaro, mutane na tsoron jirgi, kuma gyaran gaske, wato gadajen asibitin masu taɓin hankali, matsuguni, ƙarin ma'aikata a dandamali, yana da tsada, yana da jinkiri, kuma ba ya kyau a hoto. Farin rumbu mai fitilu yana kyau a hoto. Kamfanin ma ya samu abin da ya fi kuɗin hayar daraja. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Janairun 2022, kuma tun kafin nan ƙananan masu zuba jari yake tallata wa kansa. Hoton kayanka sanye da tambarin rundunar 'yan sanda mafi girma a Amurka, a tashar da ta fi kowace suna, talla ce da dala 9 a awa ba ta saye. Kowa ya samu nasa. Fasinja ya samu hoton waya.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai karen ƙarfe na kamfanin Boston Dynamics, wanda 'yan sandan birnin suka yi haya a 2020, aka soke kwangilar a Afrilun 2021 bayan an gan shi a wani gidan talakawa na gwamnati mutane suka yi ca. Adams ya dawo da shi a Afrilun 2023, guda biyu a kan dala 750,000, daga kuɗin da aka ƙwace a hannun waɗanda ake tuhuma. Karen dai ina iya kare shi, domin yana hawa matakala, kuma ana tura shi cikin ginin da ya rufta ko ɗakin da ɗan bindiga ya ɓuya, inda tura mutum ganganci ne. A lokacin zafi na 2024 kuma aka gwada na'urar gano makami ta kamfanin Evolv a wasu tashoshi. Cikin wata guda an binciki mutum kusan 3,000, aka samu wuƙa 12, bindiga ko ɗaya babu, ƙararrawar ƙarya sama da 100. Salon ɗaya ne kullum: taron manema labarai, sabon ƙarfe, gwajin 'yan makonni, sannan shiru.

Inda abin ya fi nisa San Faransisko ne, gidan masu kuɗin fasaha. A ƙarshen Nuwamban 2022 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'a 8 da 3 ta amince 'yan sanda su iya kashe mutum da mutum-mutumi a yanayi na matsi. Ba tatsuniya ba ce, an taɓa yi: a Dallas a Yulin 2016, bayan wani ya harbe 'yan sanda biyar, an ɗaura bam a jikin na'urar kwance bam aka tura masa. Sati guda bayan ƙuri'ar, da jama'a suka cika gaban majalisa, kansilolin suka lashe amansu. Amma a Maris ɗin 2024 aka kawo wata ƙuri'ar raba gardama da ta ba 'yan sanda damar amfani da jirage marasa matuƙa da ƙarin kyamarori tare da sassauta sa idon da ake yi musu, ta kuma wuce. Cikin waɗanda suka zuba kuɗi a yaƙin neman amincewa da ita akwai Chris Larsen na kamfanin kirifto na Ripple da attajirin zuba jari Ron Conway. Larsen ɗin ya daɗe yana sayen kyamarorin titi da kuɗin aljihunsa yana raba wa unguwanni, kuma a 2025 aka sanar da gudummawar dala miliyan 9.4 daga ɓangarensa ga cibiyar sa ido ta 'yan sandan birnin. Ba na zargin mutumin da mugun nufi, wataƙila motarsa aka sha fasawa kamar kowa. Amma mun san yadda ake yi a gida in alhajin unguwa ya saya wa ofishin 'yan sanda mota ya zuba mai. Ba a cewa ya sayi DPO, sai dai layinsa ba ya rasa sintiri, kuma ƙorafinsa ba ya kwana.

Abu guda da maman yara ta lura da shi kafin ni: ta kalli hoton da na ɗauka ta ce, "Baban yara, kai ka ɗauke shi sau ɗaya, shi sau nawa ya ɗauke ka?" An ce a tashar bidiyo kawai yake naɗa, ba murya, ba tantance fuska. Na yarda haka aka ce. Amma irin wannan na'ura a wasu wuraren har siginar wayoyin da ke kusa tana iya ganowa, wato abin da aka kashe yau gobe ana iya kunnawa. Birnin Niyok yana da doka tun 2020 da ta wajabta wa 'yan sanda bayyana kayan leƙen da suke amfani da su da ƙa'idojinsu, kuma masu fafutuka sun yi ta ƙorafin cewa ba a bi ta yadda ya kamata ba a kan waɗannan sababbin ƙarafa. Mu Musulmin birnin nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 'yan sandan birnin sun yi shekaru suna leƙen masallatai da shagunan shayi, sai a 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya tona. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya ja da baya.

Bara manajan gininmu ya kira ni ofis, wai wani ɗan talla daga wani kamfanin daban ya kawo masa tayin irin wannan na'ura don zauren shiga, yana son jin ra'ayina tunda ni ne daɗaɗɗe. Na ce, "Oga, zo mu zaga." Na nuna masa matakala uku da ke tsakanin zaure da wajen lifta, na nuna masa ƙofar gilashi mai juyawa, da ƙofar bayan da sai an sa kafaɗa take buɗewa in sanyi ya kama ta. Na tambaye shi wa zai sa hannu a takardar masu kawo kaya, wa zai raka matar hawa na bakwai zuwa motarta in ta yi dare, wa zai tashi mutumin da ke kwana a bakin iskar ɗumi ba tare da an yi faɗa ba. Na ce in kuɗin na damunsa ya gyara kyamarori biyun da suka mutu a wajen lodin kaya tun bazara. Ya gyara ɗaya.

In maki kuke so, a fili marar matakala da mutum a bayan allo, zan ba shi uku cikin biyar. A tashar jirgi da sunan ɗan sanda, ɗaya, ita ma don 'yata ta ji daɗin hoton.

Kafin ƙarshen 2023 na daina ganinsa a wurinsa. A farkon Fabrairun 2024 jaridu suka ruwaito cewa gwajin ya ƙare, an tura shi cikin wani shagon da ba kowa a cikin tashar. Wata guda bayan haka gwamnar jiha Kathy Hochul ta turo sojojin tsaron ƙasa 750 tashoshi suna buɗe jakunkunan mutane, masu hannu biyu da ƙafa biyu, masu zuwa bayan gida. Ni da Baba muka je muka leƙa shagon wani dare kafin a kwashe shi. Yana can bayan gilashi a tsakanin kwalaye, fitilu a kashe, ƙura ta kwanta masa a ka, tambarin yana nan daram. Baba ya kara hannu a goshi ya daɗe yana kallo, sannan ya ƙwanƙwasa gilashin da zobensa ya ce, "Sannu da hutawa, abokin aiki." Muka ji ƙugin jirgi a ƙasa, muka gangara matakala da gudu.